Abin da Ya Kamata Ɗan Daura Ya Sani Kafin Damina Ta Riske Shi a Ikko

Da zarar an gama girbi an kai gero rumbu, sai samarin ƙasar Daura su fara ɗaure kaya. Daga Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, wasu a bas, wasu a saman tirelar shanun da aka yi lodi a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, a bi ta Kazaure a faɗa Kano, daga nan a miƙa kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Cin rani ke nan, kuma da yawansu Ikko, wato Legas, suka nufa. Yawanci sukan isa a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke a can, su juyo gida kafin shuka. Saboda haka labarin da suke kawo wa ƙannensu labarin Ikko ta rani ne. Wanda ya yi niyyar zama ya shekara, wata Ikkon daban zai tarar, wadda ruwan sama ke yanka wa mutum lokacin fita, da wurin kwana, da abin da zai rage masa a aljihu.

Mu mutanen Daura da neman ruwa tarihinmu ya fara: rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana a ɗiba sai ranar Juma'a. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Ƙasarmu kuma jigawa ce, a kwana ana ruwa, kafin azahar rairayi ya shanye. A Ikko ruwan shekara ya haura milimita 1,500, wato ninki biyu na namu da ɗoriya. Yakan fara tun Maris ko Afrilu, muna tsakiyar zafin bazara, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sassauta a Agusta lokacin da mu muke cikin marka, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Hadarin ma ba irin namu ba ne da ke haɗowa daga gabas da iska da ƙura har mace ta samu ta kwashe shanya. Can sai a wayi gari sama ta yi duhu, a yini ana zuba, a kwana ana yayyafi.

Inda ruwan zai tafi shi ne babbar matsalar. Ikko a bakin teku take, an gina ta a kan tsibirai da fadamu a gefen wani makeken tafki, unguwanni da dama kuma yashi aka zuba aka cike ruwa aka yi gini a kai. Ƙasar a ƙoshe take da ruwa, ba ta da wurin karɓar ƙari. Idan ruwan sama ya haɗu da tumbatsar teku, magudanan da ya kamata su kwashe shi sai su riƙa dawo da shi, ga kwatoci a toshe da leda da robobi. Mazauna garin ba su manta da ruwan 10 ga Yulin 2011 ba, wanda ya yini yana zuba ya ci rayuka, haka kuma a farkon Yulin 2024 manyan tituna suka koma rafi. Akwai ma ambaliyar da ke zuwa rana na haskawa: idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan a Jihar Ogun, Kogin Ogun ya cika, sai ya malalo wajajen Agiliti da Kara da bayan kasuwar Mile 12, wuraren da mutanenmu suke da yawa.

Shi ya sa nake roƙon duk mai neman ɗaki da rani ya buɗe ido. Dubi bango daga waje, za ka ga layin da ruwan bara ya bari, wani a idon sawu, wani a gwiwa, wani har ƙugu. Idan ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku, ko an jera katakai da duwatsu a lungu, ka san dalili. Dillali la'adarsa yake nema, don haka mai shayin unguwar ko ladanin masallaci za ka tambaya. Ɗakin da ya fi na kusa da shi araha ƙwarai, sau da yawa ruwa ne ya karya masa farashi.

Bayan ambaliya sai danshi, shi kuwa ba ya barin kowa. Zafin Daura busasshe ne, ka shiga inuwar darbejiya ka sha iska. Na Ikko bai kai namu ƙuna ba, amma gumi ba ya bushewa a jiki, ko cikin dare. Rigar da ka wanke takan kwana biyu a igiya, takalmin fata da tabarma su yi fumfuna, garin kuka da garin kunun da aka ƙullo maka daga gida su dunƙule idan ba a cikin roba mai murfi suke ba. Katin ɗan ƙasa da sauran takardu a leda ake ajiye su, a rataye sama. Takalmin roba da lema sun zama dole. Kada ka saba da ratsa ruwan titi da ƙafa mai rauni, domin da ruwan kwata yake haɗe, kuma yakan ɓoye bakin lambatu da wayar lantarki da ta faɗo.

Sauro kuma ba shi da hutu. A gida zazzaɓin cizon sauro da damina da kaka yake tsananta, hunturu ya kore shi. A Ikko shekara yake yi, don haka gidan sauro na cikin kayan da za a fara saya. Ga ruwa ta ko'ina, amma na sha da kuɗi ake samunsa: famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba, rijiyoyin kusa da teku suna da gishiri, wasu kuma masai ya gurɓata su. Mutane da rijiyar burtsatse da ruwan leda suka dogara, da 'yan garuwa, waɗanda akasarinsu 'yan'uwanmu ne. A watan Yunin 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Jihar Legas ta kashe mutane. Duk wanda ta kama kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti.

Sai cunkoso. Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum wajen miliyan 9, gwamnatin jihar kuma ta daɗe tana cewa sun haura miliyan 20. Ba a auna tafiya da nisa a can, da awa ake auna ta. Ma'aikaci yakan fito kafin asuba ya kama danfo, bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, kuma ranar da aka yi ruwa kuɗin mota yakan tashi nan take. An samu sauƙi da manyan bas na BRT tun 2008, da jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, da wanda ya ratsa Agege a 2024. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can su ke jawo tireloli da tankokin mai daga duk faɗin ƙasar, direba da yaron mota su yi kwanaki a layi suna kwana ƙarƙashin mota. Sabuwar tashar Lekki, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, an gina ta ne har da niyyar rage wa Apapa nauyi.

Wurin kwana ya fi abinci wuya. Masu gidaje kuɗin shekara suke nema a dunƙule, ga na dillali, ga na takardar yarjejeniya. Shi ya sa sabon zuwa kan ƙare a rumfar kasuwa, ko shagon maigidansa, ko ɗakin gadi, ko a haɗu mutum shida a ɗaki guda. Da rani ana iya jurewa, amma kwanan rumfa da damina shi ke kwantar da samari masu ƙarfi. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka kada ka hau mota sai ka san wanda za ka sauka a wurinsa, ka yi magana da shi, ya ce ka zo.

Abin da ke sanyaya rai shi ne ba mu ne farau ba. Tun 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya samo asali, zuriyarsu kuma ta zauna a Obalende. Fataken goro da na shanu suka raya zangon Agege, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Yau akwai al'ummarmu a Agege, da Idi Araba, da Mile 12 inda ake sauke tumatir da albasa da tattasai, da mahautar Oko-Oba, kowace da sarkinta da limamanta. Ka kai kanka wurin Sarkin Hausawan unguwarku da shugabannin sana'arka tun ba abin da ya faru, domin ranar da aka kama ka ko ka kwanta ciwo su za a nema.

Mai shirin sayar da ɗan bijiminsa ya sayi babur ya tafi acaɓa, ya dakata ya ji wannan. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa da ƙananan hukumomin Mainland da Island, a watan Satumba ta ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Na san gidajen da jarinsu ya tafi ta wannan hanya, abin kuma yana yi mini ciwo, don tambaya ɗaya kafin tafiya da ta hana.

Ka koyi gaisuwar Yarbanci da ɗan Turancin kasuwa, suna buɗe ƙofofi. Idan cacar baki ta tashi a tasha ko kasuwa, ka janye jikinka, domin ƙaramar rigima tsakanin mutum biyu ta sha rikiɗewa ta zama ta ƙabilanci, kamar yadda aka gani a Idi Araba a 2002 da Mile 12 a 2016. Kuɗin motar komawa gida kuma a ware shi tun ranar da aka sauka, a ba wa amintacce ajiya. Wanda yake da niyyar ɗauko iyali, ya bari sai ya ga watan Yuni da Yuli da idonsa a ɗakin da yake so ya ajiye su, kafin ya aika Daura a sa su a mota.