Akwatin lefe goma, gwajin jini sai ana saura mako guda

Da zarar an sa ranar aure a Kano, tambayar farko ita ce akwati nawa ango zai kawo. Iyayen amarya kuma su ci bashin gado da kujeru da jeren kicin, wanda wani sai shekara ta zagayo ba a taɓa shi ba.

Gwajin jini kuwa, da kuɗinsa bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, sai an raba katin gayyata ake tunawa da shi. A lokacin wa zai iya cewa a fasa?

Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da yaro mai sikila. Lissafin sabo ne a kowane ciki, shi ya sa gida ɗaya kan samu biyu ko uku a jere. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar irin waɗannan yara.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin kafin aure. Sai dai takardar da aka karɓo bayan lefe ya shiga gida ba kasafai take hana komai ba.