Ceto Rubutu Daga Faifan Kwamfuta

Ɗalibai da yawa daga ƙasar Hausa suna karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Akasarinsu a kwamfutar tafi-da-gidanka suke rubuta kundin digirinsu, idan kuwa faifan ajiyarta ya lalace, wahalar shekaru tana iya salwanta.

Irin wannan faifai yakan juya sau 5,400 a minti guda, wata 'yar allura tana shawagi a bisansa tana karatu, ba ta taɓa shi. To, in kwamfutar ta faɗi, allurar tana iya karce faifan. Da zarar an ji yana ƙas-ƙas, sai a kashe na'urar, domin kowane juyi ƙarin ɓarna ne. Gwanaye sukan buɗe shi a ɗakin da babu ƙura, su sauya allurar, su kwafe abin da ke ciki.

Ba a saurin fid da rai. Bayan kumbon Amurka Columbia ya tarwatse a 2003, kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kashi 99 cikin ɗari na bayanan wani ƙonannen faifai da aka tsinto. Amma ajiye kwafi a wuri dabam ya fi arha.