Mutuwar Kwamfuta Yayin Ɗaukar Kwafin Rajistar Windows: Nazari Daga Kongolam

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da kan addabi masu aiki da kwamfuta a garuruwan kan iyaka irin su Kongolam, da ke arewa da Daura a kan hanyar Damagaram, watau yadda na'ura kan sandare ko ta mutu daidai lokacin da ake ɗaukar kwafin rajistarta.

Rajista dai ita ce kundin da Windows ke tara tsare-tsarensa a ciki, ta kuma fara bayyana ne a Windows 3.1 cikin shekarar 1992. Ba fayil guda ba ce. Akwai SYSTEM da SOFTWARE da SAM da SECURITY da DEFAULT, kuma muddin na'ura tana kunne to a riƙe suke, ba sa kwafuwa kamar sauran takardu sai ta hanyar umarni irin su reg save.

Mu a ganinmu, ba kasafai ɗaukar kwafi ke haddasa ɓarnar ba. Tona ta kawai yake yi. A aikin yau da kullum Windows kan taɓa ɗan sashe ne na kundin, amma mai ɗaukar kwafi tilas ya bi shi daga farko har ƙarshe, don haka duk inda faifai ya lalace sai ya ci karo da shi. Idan muka tuna da yawan ɗaukewar wuta, da ƙurar hunturu, da zafin bazara da kan haura digiri 40 a ƙasar Daura, ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan lahani a ɓoye.

Saboda haka faifai ya kamata a fara tuhuma. A kwashe muhimman takardu tukuna, sa'an nan a bincike shi da chkdsk. In ya fita lafiya, sai a gwada ƙwaƙwalwar na'urar, daga bisani a dakatar da manhajar rigakafi na ɗan lokaci a sake jarrabawa. Ya kyautu a riƙa kwafar fayilolin ɗaya bayan ɗaya, domin ta haka ake gane mai ciwon. Idan shuɗin allo ya nuna REGISTRY_ERROR, mai lamba 0x51, to zargi ya ƙara ƙarfi a kan kundin ko faifan da yake kai.

Akwai kuma wani tarko. Tun daga Windows 10 fitowa ta 1803, a shekarar 2018, kamfanin Microsoft ya daina ajiye kwafin rajista da kansa a jakar RegBack. Fayilolin kan bayyana da sunayensu, amma babu kome a cikinsu. Wanda ya dogara da su, sai ranar da na'ura ta ƙi tashi zai tarar da rumbu wayam. Ana iya maido da wannan aiki ta sanya EnablePeriodicBackup a kan 1, sai dai kwafin da ke kan faifai ɗaya da asalinsa tare za su salwanta, don haka muke ba da shawarar a fitar da shi zuwa wani faifan daban.