Ko Kun Sani? Mai Lafiya Ma Kan Ɗauki Ƙwayar Sanƙarau

Kusan mutum ɗaya cikin goma yana yawo da ƙwayar cutar sanƙarau a maƙogwaronsa, lafiyarsa ƙalau, yana kuma iya yaɗa ta ta hanyar tari ko atishawa. Ciwon yana tashi ne idan ƙwayar ta ratsa cikin jini ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Iskar hunturu da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro su buɗe mata hanya, cunkoso a ɗakin kwana kuma ya ƙara mata gudu, shi ya sa annobar ke zuwa da rani ta lafa da saukar damina.

Alamun cutar su ne zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Jariri kuwa maɗigarsa kan kumbura. Ana tabbatar da ita ta ɗibar ruwan gadon baya da allura: na mai lafiya garau yake, na majinyaci yakan fito a gurɓace. Annobar da ta ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016, ta ƙwayar sanƙarau nau'in C, ta kashe mutum fiye da 1,100 a Najeriya kafin tsakiyar 2017, yawancinsu yara.