Gado a Maraɗi, lanho a Faransa: abin da ƴan Nijar mazauna waje ya kamata su sani

Ranar 5 ga watan Disamba 2023, gwamnatocin Nijar da Mali suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa ta soke yarjejeniyoyin haraji da suka ƙulla da Faransa. Ta Nijar an sa mata hannu tun 1965. A lokacin, hankalin jama'a ya fi karkata ga manyan kamfanonin Faransa da ke aiki a ƙasar, amma matakin ya shafi duk ɗan Nijar da ke zaune a Paris ko Lyon, wanda iyayensa ke da gida ko fili a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Amfanin yarjejeniyar shi ne hana a karɓi lanho sau biyu a kan abu ɗaya. A ƙarƙashinta, gida ko filin da aka gada, ƙasar da yake cikinta ce kaɗai ke karɓar harajinsa. Da ta faɗi, kowace ƙasa sai ta koma ga dokarta.

Dokar Faransa kuwa tana da dogon hannu. Idan magaji yana zaune a can ranar da gadon ya faɗo masa, kuma ya yi aƙalla shekara 6 cikin 10 na baya a ƙasar, Faransa na neman haraji a kan rabonsa, ko da mamacin bai taɓa taka ƙasarta ba, ko da dukiyar duka tana Nijar.

Ba kowa ne zai biya ba. Ɗa ko ɗiya na da rangwamen yuro 100,000 a kan gadon kowane ɗaya daga cikin iyaye, wato sefa miliyan 65 da ɗoriya. Abin da ya haura nan ne ake yanka wa kashi 5 zuwa 45 cikin ɗari. A ɗauki misalin matashin da ya shekara 8 a Lyon, mahaifinsa ya rasu a Maraɗi, rabonsa ya kai sefa miliyan 80. Zai biya kusan yuro 2,600, kimanin sefa miliyan 1 da dubu 700.

Lissafin ya fi tsanani idan gadon na ɗan'uwa ne. Rangwamen wa ko ƙane yuro 15,932 ne kacal, sauran a yanka kashi 35 zuwa 45. Rabon sefa miliyan 20 daga wa zai jawo lanhon fiye da miliyan 3. Ɗan riƙon da aka bar wa wasiyya kuma, idan babu dangantakar jini ta kusa, kashi 60 ake ɗauka. Matar aure ko miji ba sa biyan komai.

Akwai sassauci ɗaya: harajin gadon da aka riga aka biya a Nijar a kan dukiyar da ke Nijar ana cire shi daga na Faransa, muddin akwai rasit. Idan rasuwar ta faru a wajen Faransa, wata 12 ake ba magaji ya kai bayani. Nan gizo ke saƙar, domin rabon gado a gida kan ɗauki shekaru, sau da yawa a gaban malami da dattawan dangi, ba takardar fili, ba ƙiyasin kuɗi a rubuce.

Kuɗin haya ma ya shigo ciki. Mazaunin Faransa da ke da gidan haya a Yamai dole ya bayyana kuɗin a can, alhali ma'aikatar haraji ta Nijar na karɓar nata. Asusun banki na waje da ba a bayyana ba kuma, tararsa na farawa daga yuro 1,500.

Ƴan Nijar da ke Greensboro ko New York nasu tsarin daban ne. Amurka ba ta da yarjejeniyar haraji da Nijar, kuma tana bin ƴan ƙasarta da masu katin zama na dindindin a kan kuɗin da suka samu ko'ina a duniya. Ba ta karɓar lanho daga magaji a kan gadon da ya zo daga baƙo mazaunin waje, amma idan ya wuce dala 100,000 wajibi ne a sanar. Haka asusun waje da jimillarsu ta haura dala 10,000.

Masu zama a Kwatano, Lome ko Abijan suna da kariya, domin dokar UEMOA ta 2008 ta hana haraji biyu tsakanin mambobinta, kuma Nijar na cikin ƙungiyar duk da ficewarta daga CEDEAO.

Abin da ke hannun iyalai shi ne takardu: shaidar rasuwa, takardar fili, hukuncin rabon gado daga kotu, da rasit na duk abin da aka biya. Magajin da ya kusa cika shekara 6 a Faransa, gara ya tuntuɓi masanin haraji tun iyaye na da rai.