Kada A Gasa Sabon Targaɗe

Da zarar an buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, sai ka ga samari sun cika gefen titi da asuba suna sassarfa. Wanda rabonsa da gudu tun yana sakandare, so yake ya zama gwani cikin mako biyu. Daga nan akasarin raunin gudu ke farawa, domin huhu da zuciya suna saurin sabawa da wahala, amma ƙashi da jijiya sai a hankali.

Gwiwa ce aka fi kuka da ita: zogi a kewayen ƙoƙonta, musamman wajen saukowa daga bene ko bayan dogon zama. Sai ciwon ƙwauri, da na agara, da dunduniyar da ke suka a takun farko na safe. Yawancinsu ba allura suke so ba. A rage gudu, a koma keke ko tafiya na ɗan lokaci, a bar kwalta a nemi filin ƙasa, a jefar da takalmin da ya suɗe.

Inda muka fi ɓarna shi ne targaɗen idon sawu. Ƙafa na gurɗewa sai a ɗora ruwa a wuta, a gasa, a murje da man zafi, wani ƙato ya kama ya ja. Alhali jijiya ce ta yage, jini na tsiyaya a ciki, zafi da murza kuwa kumburin suke ƙarawa. A kwana 2 zuwa 3 na farko, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar bisa matashi. Gashi sai kumburi ya saɓe. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci ibuprofen da diclofenac, kuma shan ƙwaya don a ci gaba da gudu ganganci ne.

Akwai ciwon da ba na gida ba. Idan ba ka iya taku 4, ko zafin yana wuri guda a kan ƙashi har kana iya nuna shi da yatsa, wataƙila tsagewar ƙashi ce, wadda kan ci mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe. Ka je asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja maka ƙafa.