Ƙauyen fadama: ruwa na cin gini, wa ke riƙe da tarihi?

A kudu maso gabashin Ingila, cikin gundumar Kent, akwai wata fadama da ake kira Romney Marsh. A tsakiyarta wata 'yar majami'a ke tsaye ita kaɗai, ba gida a gefenta, sai tumaki da magudanan ruwa. Sunan wurin Fairfield. Da can ƙauye ne, daga baya mutanensa suka watse, ga shi kuwa fadamar ta yi ƙaurin suna wajen sauro da zazzaɓi. A da, in hunturu ya kama, ruwa kan kewaye ginin har sai an shiga kwalekwale kafin a je ibada. Wajen 1913 aka sabunta ginin, aka ɗaga masa hanya.

Abin lura a nan ba ginin ba ne. Tun 1538 aka kafa doka a Ingila cewa kowace majami'ar gari ta ajiye littafi, ta rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Shi ya sa ko ƙauye ya mutu, jikan jika kan iya bin takarda ya gano kakansa.

To, mu dawo gida. Duk ɗan ƙasar Bagudo, a Geza ya tashi ko Illo ko Lolo, ya san kogin Kwara ba sau ɗaya yake cika a shekara ba. Akwai farin ruwa, na damina, mai laka, wanda kan tumbatsa wajen Satumba. Sai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso mana cikin sanyin hunturu. Wannan ruwa shi ne arzikin shinkafa da kifi, shi ne kuma ke kwashe gari. Ginin laka ba ya jure kwana a ruwa. Gindin katanga ke fara jiƙewa, ta tsage, ta zauna, rumbu ya bi bayanta. Sai a kwashe yara da awaki a hau tudu. In ruwa ya janye wasu su koma, wasu su ce sun gaji, su kafa sabuwar tunga. An gani a 2012, an sake gani a 2020 lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kabi. Masallacin ƙauye ma da laka aka yi shi, ana yaɓe ana sakewa, har ba mai iya nuna tubalin farko.

Manyan garuruwa sun tsira da labarinsu. Illo tana cikin tsofaffin masarautun Borgu uku, tare da Bussa da Nikki, masu danganta asalinsu da Kisra. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun bi ta nan, gishirin Foga ma haka. A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris suka raba Borgu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Bussa hannun Ingila. Daga baya Turawa suka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Layin raba Borgu ne ya sa yau wa yana Lolo, ƙane yana Madekali, ɗaya ɗan Najeriya, ɗaya ɗan Benin. Duk wannan yana rubuce, domin akwai fada kuma akwai Bature mai neman haraji.

Ƙaramin ƙauye fa? Wa ya sari dajin? Kyangawa ne suka riga, ko Dandawa, ko wani Basarke ne ya ɗaure jirginsa ya ga wuri ya yi masa? Sau nawa gari ya tashi? Amsar tana bakin tsofaffi, kuma kullum ana jana'iza. Mutanen Bussa shaida ne cewa gari kan tafi gaba ɗaya: da aka gama madatsar Kainji a 1968 tsohuwar Bussa ta nutse, aka sauya wa mutane sama da 40,000 matsuguni.

Ba kwaikwayon ibadar kowa nake kira ba. Rubutu ba baƙonmu ba ne: a ƙasar nan Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati, kuma da wuya a sami ƙauyen da ba mai iya ajami. Abin da muka rasa shi ne al'adar rubuta talaka. Liman shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallar gawa. Ba wanda ya kai shi sanin gari, amma in an gama fatiha an raba goro, shi ke nan, magana ta bi iska. Sai ranar rabon gado ko rikicin iyakar gona a shiga neman wanda ya tuna. A ganina wannan sakaci ne, ba talauci ba, don littafi mai bango da biro ba su kai kuɗin tiyar shinkafa biyu ba.

Saboda haka ina roƙon limamai da masu gari na ƙasar Bagudo: a sami littafi guda a kowane masallacin Juma'a, a rubuta suna da aure da rasuwa, da shekarar da ruwa ya ci gari da inda ya tsaya. A sa shi cikin leda, a rataye sama, kada a bar shi a akwatin ƙasa. Ɗalibanmu da ke jami'a a Birnin Kabi da Aliero kuma, in kun zo hutu, ku zauna da dattawa ku naɗi muryarsu a waya, ku ɗauki hoton shafukan, kafin farin ruwa mai zuwa.